Kano Ta Cika, Amma Su Wa Suka Yanka Filayen?

"Garin nan ya cika." Da wuya ka wuni a Kano ba ka ji wannan magana ba. Direban A Daidaita Sahu zai faɗe ta idan ya maƙale a cunkoson Kurna da yamma. Uwargida za ta faɗe ta ranar da mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka. Magidanci kuma sai ya faɗe ta har da tsaki idan mai gida ya aiko masa da takardar ƙarin kuɗin haya. Duk gaskiya suke faɗa. Wanda ya san Kano shekara 30 da suka wuce ya san cewa Ɗanbare da Rijiyar Zaki da Bachirawa da Rimin Kebe da Mariri yawancinsu gonaki ne da 'yan ƙauyuka. Yau idan ka taso daga Kabuga ka nufi Janguza, gini ba ya yanke maka. Haka hanyar Zariya, haka hanyar Haɗeja, haka hanyar Madobi.

Abin da ke damuna shi ne maganar da takan biyo baya, wato "baƙi ne suka cika mana gari." Ina jin ta a majalisa, ina jin ta a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, har daga bakin mutanen da nake ganin girmansu. Ban yarda da ita ba, kuma ina ganin tana ɓatar da mu daga inda gyara yake.

Da farko ma, yawan namu ba mu ƙirga shi ba. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce jihar Kano na da mutum kimanin miliyan 9.4, Legas kuma miliyan 9.1, aka yi ta cacar baki a kan wa ya fi wani. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta ana dab da farawa. Yarinyar da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya, yau mai yiwuwa tana goye da nata ɗan. Ke nan duk wani kwamishina da ya zauna yana tsara yawan ajujuwa ko gadajen asibiti ko bututun ruwa, da tsohon lissafi yake aiki, sai ƙiyasi a kai. Amma ko a tsohon lissafin ma abin ya isa a tsaya a duba. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin dubu 30, kuma a cikin ganuwa akwai gonaki da fili fetal. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Nasarawa ita kaɗai ta kusa mutum dubu 600, ga kuma sauran bakwai da suka haɗu suka zama ƙwaryar birni: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

Mu koma kan baƙi. Duk wanda ya taka cikin Birni da ƙafarsa ya san sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Sharifai, Dandalin Turawa. Kowace ɗaya tana nuna wasu mutane da suka zo daga wani wuri suka sauke kaya, aka ba su masauki, suka zama 'yan gari. Wangarawa sun zo a zamanin Sarki Yaji. Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, fatake ne suka raya ta. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka samu Sabon Gari, aka samu Kwarori da kantunansu a Fagge. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda sunansa ya zama tambarin arzikin Kano, a Bebeji aka haife shi. Idan aka ce kowa ya koma inda kakansa ya fito, ban san ko mutum nawa za su rage a gindin Dala ba. Garin da kasuwa ta gina ba ya ƙyamar mai shigowa, don shi ne abokin ciniki, shi ne ɗan dako, shi ne mai kawo hatsi Dawanau da shanu da kayan gwari.

Kuma a duba su wane ne masu shigowar yanzu. Akwai ɗan ci-rani da a da yakan zo bayan girbi ya koma da faɗuwar ruwa, yanzu kuwa gonar gadon da aka raba tsakanin 'yan'uwa goma ba ta ciyar da kowa, sai ya ɗauko iyali ya zauna. Akwai mutanen Borno da Yobe da rikicin Boko Haram ya koro, da yawansu sun kafa sana'a sun yi gidaje. Akwai na Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka hana noma, suka kwashe musu dabbobi, suka ɗora musu haraji a gonakinsu. Mutumin da ya kwana a daji da 'ya'yansa yana gudun ransa, ya iso Kano ya samu kango ya raɓa, ba na jin akwai Musulmin kirki ko Kiristan kirki da zai dube shi ya ce masa ya koma. Kuma tsarin mulkin ƙasa ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama inda ya ga dama.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, babban kaso na ƙaruwar nan daga ɗakunanmu take fitowa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a yankin Arewa maso Yamma, matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya haura 'ya'ya shida. Wannan magana ce da mutanenmu ba sa son a taɓa, kuma na fahimci dalili. 'Ya'ya arziki ne, kyauta ce ta Allah, kuma an daɗe ana zargin cewa masu kawo zancen daga waje da wata manufa suke zuwa. Lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi maganar masu ƙara aure alhali ba su iya riƙe na gida ba, a 2017, an ga irin ƙurar da ta tashi. Ni a ganina akwai abin dubawa a maganar, musamman batun ba da tazara don lafiyar uwa da ta jariri, wanda malamai da dama ba su ga laifinsa ba. Wannan shawara ce ta miji da mata da likitansu da malaminsu, ba ta gwamnati ba. Amma ko da a ce gobe kowa ya rage haihuwa, waɗanda za su nemi ɗakin aure nan da shekara 20 an riga an haife su. Suna firamare yanzu, wasu suna zaune a ƙasa a ajin da ya haura mutum ɗari. Za su nemi muhalli, kuma za su same shi ko ta halin ƙaƙa. Tambayar ita ce a wane irin wuri.

A nan ne nake so a tsaya, domin a nan ciwon yake: awon igiya.

Ga yadda abin yake tafiya, kuma kowa ya sani. Gari ya matso kusa da gonar wani bawan Allah a Ungogo ko Kumbotso. Yana tsoron kada wata rana gwamnati ta zo ta ce ta karɓe don yin sabon tsari, a ba shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, a raba fulotan ga manya. Sai dillalai su zo su ce masa gara ya riga su. A kawo igiya ko tef, a auna, a kafa turaku. Fulotin da ya kamata ya zama ƙafa 50 da 100 sai a raba shi biyu, wani lokaci huɗu, don mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. Duk taƙin da aka bari don hanya, a wurin mai gona da dillali asara ce, saboda haka a bar ɗan siririn lungu. Makaranta? Babu. Asibitin sha-ka-tafi? Babu. Filin wasan yara, kasuwa, magudanar ruwa, wurin zuba shara, maƙabarta? Ko ɗaya. Masallaci ne kaɗai yakan samu, shi ma sai in wani mai hali ya sayi fuloti ya bayar. A rubuta takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu ya buga hatimi, a raba la'ada. Gonar da ke maƙwabtaka ita ma a yi mata haka, ba tare da an duba ko lungun wannan zai haɗu da na waccan ba. Cikin shekara biyar an yi unguwa mai mutum dubbai, sai a fara kiran rediyo ana roƙon gwamnati ta kawo ɗauki.

Na halarci jana'iza a irin wannan unguwa. Da aka fito da makara daga gidan, lungun bai isa mutum biyu su jera ba, ga kwata tana gudu a tsakiya. Da aka zo kwana sai da aka ɗaga makarar sama da kai aka karkata ta kafin ta wuce, mutane suna dafa bango kada su zame. Motar da za ta kai gawar tana can bakin titi, tafiya mai nisa, kuma maƙabartar da aka nufa ta wata unguwa ce, don su ba su da tasu. A hanya wani dattijo yake cewa ko gobara ce ta tashi sai dai a yi ta guga da bokiti, motar kashe gobara ba ta da ta inda za ta shigo. Haka mai naƙuda cikin dare, sai an riƙo ta an tako da ita har inda A Daidaita Sahu zai iya tsayawa. Mutanen wannan unguwa ba ɓarayi ba ne, ba 'yan mamaya ba ne. Malaman makaranta ne, teloli, direbobi, 'yan kasuwar Kwari da Singa, waɗanda suka yi shekaru suna adashi suka sayi abin da ƙarfinsu ya kai. Da yawansu ma 'yan cikin Birni ne da gidan gado ya yi wa kaɗan.

Hausawa suka ce tun ran gini, ran zane. Abin takaicin shi ne Kano ta taɓa yin zanen. Akwai babban tsarin birni na shekara 20 da aka yi wa laƙabi da sunan Trevallion, wanda ya shafi 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya ƙare shekara 40 da ɗoriya, garin kuma ya ninninka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, kuma akwai hukumar tsara birane ta KNUPDA. Iko dai akwai shi. Abin da aka rasa shi ne a riga mutane isa wurin. Kullum hukuma tana zuwa ne bayan an gama gini, da jan fenti, ta rubuta a bango. Shi kuwa fulotin gwamnati mai takarda, talaka ya riga ya cire rai da shi, ya san ba nasa ba ne. An gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da tituna masu faɗi da magudanai, tsari mai kyau ƙwarai, amma kuɗin gidajen ya fi ƙarfin mai albashin ƙaramin ma'aikaci, gidaje da dama suka daɗe ba kowa a ciki, alhali a bayan katangarsu ana ta awon igiya.

Ba gwamnati kaɗai ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ne muka cike kududdufan cikin gari da shara muka yi gini a kai, alhali su ne suke shanye ruwan sama tun zamanin kakanni. Mu ne muke ƙara shago a kan kwalbati, mu matso da katanga taƙi biyu cikin hanya, mu mayar da soro kanti. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900, a idonmu aka yi ta yankar ta ana gini, wasu da takardar hukuma a hannu. Da ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwar da kansu sun nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. Ba ɗan gudun hijira daga Zamfara ne ya yi waɗannan gine-gine ba. Masu kuɗi ne da masu hanya a gwamnati. Rusau ɗin da aka yi a 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ya raba kan jama'a, kowa da ɓangaren da ya ɗauka, amma ya nuna abu ɗaya: wata gwamnati ta ba da izini, wata ta zo ta rushe, dukiya ta salwanta, kuma har yanzu ba a zauna an fitar da ƙa'idar da za ta fi ƙarfin kowane gwamna ba.

Ruwan sha shi ne inda cikar gari ta fi cizo. Da asuba, kafin a idar da salla, za ka ga 'yan garuwa sun yi layi da kurarsu a bakin rijiyar burtsatse, kowace kura da jarkoki jere, su turo ta cikin rairayi da kwata har ƙofar gida. Akwai unguwannin da yaran da aka haifa a cikinsu ba su taɓa ganin ruwa ya zubo daga famfon gwamnati ba. Wannan a jihar da take da madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Audu Baƙo, da ta Challawa Gorge, ga matatar Challawa tun zamanin Turawa, ga ta Tamburawa. Ruwan yana nan. Bututun da zai kai shi ne babu, wutar da za ta tura shi ba ta tsayawa, kuma a unguwar awon igiya ko an so shimfiɗa bututun sai an rushe gidan wani. Sai kowa ya haƙa tasa rijiyar. A fulotin da bai fi ƙafa 25 ba, rijiyar wannan gida tana jingine da masan gidan maƙwabci. Idan damina ta zo aka fara amai da gudawa, sai mu ce annoba ce ta shigo.

Gwamnoninmu suna son gada. Ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Hotoro, ga wasu na tafe, kuma ba na musun sun rage wahala a wuraren da aka yi su. Sai dai gada mota take ɗauka, mafi yawan Kanawa kuwa ba su da mota. Tun da aka hana acaɓa a farkon 2013, A Daidaita Sahu ne ya ɗauki garin nan a kansa, mutum uku a baya, ɗaya a gefen direba. Birni mai miliyoyin mutane ba shi da manyan motocin haya masu tsayayyen layi da lokaci. An sha yin zancen jirgin ƙasa na cikin gari, har yau mai zuwa Sabon Gari daga Panshekara bai hau shi ba.

Akwai wani ɓangare na kukan mutane da nake girmamawa ƙwarai, wanda ba na ruwa ko hanya ba ne. Dattawa suna cewa yanzu ba ka san maƙwabcinka ba. A da idan baƙo ya sauka a unguwa sai an kai shi gaban mai unguwa, a san daga ina yake, me yake yi. Yaro idan ya yi ba daidai ba, kowane babba zai tsawata masa. Yau mutum zai shekara a gidan haya mai ɗaki goma bai san sunan na ɗakin ƙarshe ba. Ga matasa zaune ba aiki, tun da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suka yi ta rufewa saboda rashin wuta da shigowar kayan waje masu araha. Daga nan ƙwacen waya da faɗan daba suke samun 'yan aiki. Wanda aka tare shi da wuƙa a ƙofar gidansa da magariba, idan ya ce garin ya lalace, ba za ka ce masa ya yi ƙarya ba. Amma idan aka kama yaran nan, sau da yawa 'ya'yan unguwa ne, an san iyayensu. Sun tashi a wurin da babu makarantar kirki kusa, babu filin ƙwallo, ɗakin kwana ɗaya da ƙanne bakwai, saboda haka titi ne ya rene su.

Za a iya rage matsin daga tushe. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 44, guda 36 suna wajen ƙwaryar birni. Da Wudil da Bichi da Rano da Gaya da Gwarzo da Ɗambatta suna da asibitin da za a yi wa mace tiyatar haihuwa cikin dare ba sai an taho asibitin Murtala ba, da wuta, da sakandaren da uba zai yarda da ita, da mutane da yawa ba su taso ba. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa sun nuna cewa inda aka kai ruwan noman rani, mutane suna zama su yi arziki a garinsu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ya kamata mu riƙa tambayar shugabanninsu me aka yi da shi.

Amma abin da ya fi gaggawa, kuma ya fi araha, shi ne gonakin da ba a kai ga yankawa ba. Suna nan ta wajen Dawakin Kudu, Gezawa, Dawakin Tofa, Tofa, Madobi, Warawa. Gari zai isa can, ko mun so ko mun ƙi. Fitar da hanya a gona, turaku ne da ma'auni da diyyar amfanin gona. Fitar da ita bayan an yi gini kuwa, rusau ne da kuka da shari'a da biliyoyin naira. Ina roƙon gwamnati ta je wurin manoman nan tun yanzu, ba da niyyar ƙwace ba. A zauna da su da dagatansu, a ce ga inda babban titi zai bi, ga filin makaranta, ga na asibiti, ga maƙabarta, ga hanyar ruwa. Abin da ya rage a bar wa mai gona mafi yawansa, da takarda sahihiya, ya sayar da kansa. Fili mai hanya da takarda ya fi na lungu daraja, manomi ya san haka, tsoron ƙwace ne yake sa shi gaggawa. Kuma a yarda da ƙananan fulotai a cikin tsarin, don idan aka ce sai babba, talaka zai koma wurin mai igiya.

Masu unguwanni da dagatai su ne mabuɗin wannan aiki, domin babu cinikin fili da yake ƙulluwa ba da saninsu ba. Masarauta da gwamnati su haɗu su kafa musu doka: kada a sa hannu a takardar fili sai an ga hanya ta kai faɗin da mota biyu za su gifta, kuma ta haɗu da ta gonar maƙwabta. Sai dai a nan ma a yi adalci. Da yawansu ba su da wani albashin a zo a gani, la'adar fili ce abincinsu. Idan ana so su iya cewa a'a ga dillalin da ya zo da kuɗi a aljihu, sai an ba su abin da zai riƙe su, an kuma tsaya musu ranar da wani mai ƙarfi ya kai ƙararsu don sun ƙi sa hannu.